Takarda Cikin Jar Fata

Sau biyar Malam Yaro ya ninke takardar, har ta koma kamar kwalin ashana, sannan ya naɗe ta da farin zare ya ɗora a kan guntun jar fatar akuya. Shekara arba'in da ɗoriya yana dukanci a wannan rumfa ta bakin kasuwar Dogon Dutsi, kuma duk wanda ya taɓa kawo masa laya ya san ɗinkinsa ba ya warwarewa. Sai dai wannan ba rubutun malami ba ne. Rubutun na'ura ne da Faransanci, da hatimin wani kamfani a ƙasansa.

Hisham, ɗan ƙanensa mai aiki a ofishin magajin gari, wanda yake tsokana da Mushe, wato malam da Faransanci, ya kashe babur ya leƙo cikin rumfar.

"Baba, me nake gani haka? Takardar asirans kake ɗinkewa?"

"Ita ce, Mushe. Kwafin da ka ba ni."

"To ai ba kambu ba ce! Inshorar tafiya ce, masu biza ne suka wajabta ta. Ta asalin tana cikin fayil tare da sauran takardu, na ba Iya ta adana."

Malam Yaro ya soka basilla a fatar, ya ja zare. "Da ka karanta mini ita, me ka ce tana yi?"

"Idan rashin lafiya ko haɗari ya same ku a hanya, kamfanin zai tsaya muku. Asibiti, masauki, jirgin dawowa. Har sau biyu ka sa na karanta maka, Baba."

"Ka kuma ce sai an kira su tukuna kafin likita ya fara babban aiki."

"Haka ne."

"To, abin da zai tsaya wa mutum a hanya, ni ban saba ganinsa cikin jaka ba. A jiki ake ɗaura shi."

Hisham ya yi dariya har ya dafa ginshiƙin rumfa. Kafin la'asar labarin ya kai teburin mai shayi, ana cewa tsoho ya mai da takardar Nasara laya.

Dalilin tafiyar kuwa 'yarsu ce, Lubabatu, wadda ke aure a Beljiyam. Ta aiko musu da tikiti su je hutun wata ɗaya, su ga jikarsu Nusaiba da ba su taɓa gani ba sai a waya. Iya Sahura, matar Malam Yaro, ta yi mako biyu tana shiri. Ta cika babban akwati da kilishi da daddawa da garin kuka. Fayil ɗin takardun kuwa ta yi masa abin da take yi wa duk wani abu mai daraja tun tana amarya a Ɗan Kassari: ta sa shi a can ƙasan akwati, ta danne da zannuwa bakwai, ba ta faɗa wa kowa ba. A filin jirgin Yamai aka auna akwatin, aka liƙa masa takarda, ya shige ta wata kafa. Fasfo da tikiti kaɗai suka rage a aljihun Malam Yaro.

Da hantsi suka sauka a wani babban birni na bakin teku, inda za su canza jirgi. A nan suka tarar da matakalar nan mai tafiya da kanta. Malam Yaro ya hau. Iya Sahura ta sa ƙafa ɗaya, ta ji ƙasa na gudu da ita, ta yi niyyar komawa baya. Ƙarar da ya ji a bayansa kamar an karya busasshen kara.

Motar asibiti ta kwashe su. Likita ya ɗaga hoton ƙashi a gaban fitila, ya nuna da alƙalami: idon sawu ya karye gida biyu, sai an buɗe an sa ƙarfe, kuma kada a wuce gobe, in ba haka ba da wuya ta sake taka ƙafar daidai. Malam Yaro ya fahimci wannan da ɗan Faransancin da ya tsinta wajen sayar wa baƙi jakunkuna.

"Malam, a mai da ni gida," in ji Iya Sahura, gumi na tsiyaya a goshinta. "Maɗorin garinmu ya ɗora ƙafar raƙumi ma, balle tawa."

"Tsakaninki da shi akwai teku da hamada. Kwanta."

Aka kai shi gaban wata mata mai tabarau da ke karɓar marasa lafiya. Ta yi masa bayani a hankali, da ladabi. Asibitin ba na gwamnati ba ne. Sun tsayar da ciwo, amma ba za a shiga ɗakin aiki ba sai an san wanda zai ɗauki nauyi. Ta ara masa waya ya kira Lubabatu. Lubabatu ta fashe da kuka, ta ce za ta nema, amma kuɗin da aka ambata ba za su haɗu a kwana ɗaya ba.

"Kuna da asirans?" in ji matar. "Ina takardar?"

Ya juya ya dubi matarsa a kan gadon turawa. Ta kawar da kai.

"Tana ƙarƙashin zannuwa," ta ce da ƙaramar murya.

Matar mai tabarau ta buga waya filin jirgi. Jirginsu ya tashi tun ɗazu, akwatin kuwa babu wanda ya iya faɗin inda yake. Ta ajiye wayar, ta buɗe tafin hannunta biyu.

Malam Yaro ya matso kusa da teburin. Ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya zare kambun daga damtsensa, ya ajiye a kan teburin. Fatar ta yi duhu saboda gumi.

Matar ta dube shi da tausayi. Su ma a ƙasarsu sun san laya. "Baba, Allah ya karɓa. Amma ni lamba nake nema, ba addu'a ba."

"Ba ni almakashi."

Wata ma'aikaciyar jinya ta miƙo masa. Ya sa bakin almakashin, ɗinkin ya ƙi. Ya sake sawa, ya ƙi. Shekara arba'in yana alfahari da wannan, yau ga shi yana faɗa da aikin hannunsa, yana tsoron kada ya haɗa da takardar ya yanke.

"Kai ma da ɗinkin mugunta," in ji Iya Sahura daga kan gado. "Kamar wanda zai tsare aljani a ciki."

"Yi shiru, mai zannuwa bakwai."

Zare ɗaya ya tsinke, sai na biyu. Ya ɓare fatar, ya warware farin zaren, ya buɗe ninki bayan ninki, ya shimfiɗa takardar ya goge ta da gefen hannu. Ko ɗigon gumi bai taɓa ta ba. Lambar tana nan baƙa ƙirin, da sunayensu su biyu.

Matar ta cire tabarau, ta mayar. Ta kira ma'aikaciyar jinyar ta zo ta gani. Sannan ta jawo wata takarda ta ce ya sa hannu a shiga da mara lafiya.

"A'a," in ji Malam Yaro, ya ɗora yatsa a kan lambar wayar da ke ƙasa. "Kira su tukuna. Haka aka rubuta."

Ta dube shi, ta yi murmushi, ta ɗauki waya.

Kafin azahar kamfanin ya aiko wa asibitin da tabbaci. Da la'asar aka yi aikin. Wani ma'aikacin kamfanin ya yi wa Malam Yaro bayani ta waya: aikin da magani suna wuyansu, haka ɗakin da zai kwana kusa da asibiti, haka jirgin da zai mai da su Yamai idan likita ya yarda, da kujera mai faɗi inda za ta miƙe ƙafa. Ci gaba zuwa Beljiyam kuwa babu shi a ciki. Kayan sawa na akwati za a duba batunsu idan bai fito ba.

"Tambaye shi kilishina," in ji Iya Sahura da ta farfaɗo.

Ya tambaya. Aka ce abinci ba ya ciki.

"To ba su san kilishi ba."

A rana ta huɗu aka turo ƙofar ɗakin. Lubabatu ce, ta biyo jirgi da kanta, riƙe da hannun wata 'yar yarinya mai kitso biyu. Yarinyar ta tsaya tana kallon farar ƙafar da aka rataye. Iya Sahura ta miƙa hannu biyu.

"Zo nan, ƙawata. Ke ce kika sa na hau tsanin da ba ya tsayawa."

Kwana tara suka yi tare a wannan ɗaki, kaka tana koya wa jika sunayen yatsu da Hausa.

Ranar da motar haya ta sauke su a Dogon Dutsi, unguwa ta fito. Iya Sahura ta sauka da sanduna biyu, ta ƙi yarda a ɗauke ta, ta taka har zaure da ƙafarta mata na guɗa. Akwatin ya biyo baya da mako shida. Zannuwa bakwai suna nan, fayil ɗin yana ƙarƙashinsu lafiya lau, yana warin daddawa.

Bayan girbin gero, wata safiya, babur ya tsaya a bakin rumfa. Hisham ya shigo ya gaishe da baffansa, ya zauna a kan buzu, ya yi ta zancen tsadar wake. Can ya zaro wata takarda daga aljihu. Ofis zai tura shi kwas na wata uku a ƙasar waje.

"Na ce ko akwai sauran jar fatar nan, Baba."

Malam Yaro bai ɗaga kai ba. Ya karɓa, ya ninke sau biyar, ya naɗe da zare. Ya ɗinke gefe uku da irin ɗinkinsa na kullum. Da ya zo na huɗu sai ya sassauta hannu, ya bar bakin zaren a waje, tsawon gaɓar yatsa.

"Wannan fa?" in ji Hisham.

"Nan za ka kama da haƙori ka ja. Ba ko'ina ake samun almakashi ba. Miƙo damtsenka, Mushe."