Na Tafi Neman Canji, Jirgi Ya Tashi

Ni na fara ganowa, tun kafin kowa ya farga. Bas ne cike da tsofaffi, har da masu fansho mai kauri da waɗanda suka yi aikin ofis har gashinsu ya zube, amma ni da ban taɓa zama a aji ba, ni na gaya musu cewa katin bankin nan yana cin kuɗi a ɓoye idan mutum ya fita ƙasarsa. Ban san karatu ba, amma lamba ba ta ɓace min. A kan tirela na yi rayuwata. Na tsallake iyakoki ba adadi, na kwana a daji da kayan mutane, burki ya taɓa tsinke min a gangare na fito da ƙafata. Irina ba na'ura ce za ta yi wa wayo ba.

Tafiyar ta tsofaffi ce, irin wadda kamfani ke haɗawa da rangwame: jirgin sama, otal, karin kumallo, duk a dunƙule, muddin an tafi tare an dawo tare. Autarmu ce ta biya mana, ni da innarta. A filin jirgi ta danƙa katin a hannun innar, ba a nawa ba.

"Inna, ɗorawa kawai za ki yi a kan na'ura, ta yi ƙara, shi ke nan. Baba, don Allah ka bar ta ta sayi abin da take so."

"To ni ɗan fashi ne?"

"Ban ce ba, Baba. Na dai san ka."

Ko zama ba mu yi a jirgi ba na karɓi katin na sa a aljihun ciki. Na ce zif ɗin jakarta ba shi da kyau. Ta miƙo min ba musu, kamar yadda ta saba.

Abu ɗaya innar yara ke so a tafiyar nan. Ba zane ba, ba turare ba. A tsarin da aka yi mana akwai ranar da za a shiga jirgin ruwa a zaga cikin teku, kowa ya biya nasa tikitin daban. Tun muna da ƙuruciya nake dawowa daga tashar kaya ina ba ta labarin teku, ina cewa wata rana zan kai ta. Ita ko kwale-kwale ba ta taɓa taka ba. Tun daga gida ta ware mayafin da za ta sa ranar, ta goge shi, ta naɗe a leda ta daban.

A bas kujerarmu na kusa da ta wani tsohon akawu da matarsa. Mutumin kirki ne, sai dai komai sai ya ɗora kati, ko ruwan sha ne. Ranar farko ya sayi shayi, wayarsa ta yi ƙara, na leƙa lambar da aka cire masa. Na riga na haddace farashin canji tun a allon filin jirgi. Na juya abin a kaina, na ga ya ɗara.

"Akawu, an yanke ka."

"Wa ya yanke ni, Direba? Shayi kawai na sha."

"Shayi ka sha, banki ya sha madarar. Duba da kyau."

Ya sa tabarau, ya latsa waya. Can ya ce, "Ka yi gaskiya." A gaban kowa ya faɗa. Daga ranar kaina ya ƙi shiga hula. Na zama mai ba da shawara a bas: a cika gora da ruwa a otal, a ci karin kumallo da kyau don kada a nemi na rana, a taka da ƙafa in wurin ba nisa. Har wata tsohuwar nas ta sa min suna Gwamnan Banki, ni kuwa na amsa.

Ranar jirgin ruwa bas ya sauke mu a bakin teku da hantsi. Rana ta fito tas, ruwa yana ƙyalli har ido ba ya iya tsayawa a kansa. Innar yara ta sa mayafinta. Ita da matar Akawu suna riƙe da hannun juna kamar 'yan mata. Kowa ya shiga layin tikiti yana fito da kati. Ni kuwa 'yan kuɗin ƙasar da ke hannuna sun ƙare, saura na gida da na ɗinke a ƙugun wando. A hanya na hango layin 'yan canji a bayan wata kasuwa.

Jagorarmu, wata mata mai lema ja, ta tare ni.

"Baba, ka sayi tikiti yanzu. Jirgin nan ba ya jiran kowa."

"Ni da na tuƙa mota tun ba a haife ki ba za a koya wa lokaci? Yanzu zan dawo."

Innar yara ta kama bakin rigata. "Baban Auta, ka bari mana. Yau ɗaya dai."

"Ki tsaya a layi. Kafin ki kai taga na iso."

Na tafi da katin a aljihuna. Ko tunanin in bar mata shi ban yi ba.

Ɗan canji na farko ya rubuta min farashi a ƙaramar na'urar lissafi, mai kyau ne. Da na karɓa a nan da ba wannan labarin. Amma hannuna ya saba: ba a karɓar tayin farko. Na yi gaba. Na biyu ya ƙara kaɗan. Na uku yana can cikin wani lungu, ya ja ni da ciniki da yatsu, ni ma na ja shi, har ya ɗaga hannu ya sallama. Na fito ina jin kaina kamar na ci yaƙi. Sai na tarar lungunan duk kama ɗaya, shagon takalmi nan, shagon takalmi can. Na tambayi wani, bai ji ni ba, ni ma ban ji shi ba. Na yi masa alamar ruwa da hannu, ya nuna min wurin sayar da lemo. Ina cikin wannan na ji jirgin ya busa ƙaho, dogo, daga inda ban zata ba.

Na yi gudu. Rabona da gudu tun ina da haƙora duka. Na iso gumi sharkaf, na tarar jirgin ya yi nisa, fari, da mutane a samansa suna ɗaga hannu. Bakin ruwan ba kowa sai ita. Tana zaune a benci, jakarta a cinya, mayafin yana kaɗawa.

Na wuce ta na nufi taga, don ban iya haɗa ido da ita ba. Na tura kuɗin. Mai sayar da tikiti ta turo min su, ta nuna wani hoto a gilashi: kati kawai suke karɓa. Ta kuma nuna min da hannu cewa na yau ya ƙare.

Na dawo na zauna a ƙarshen bencin.

"Ka samu canjin?" ta ce.

"Na samu."

"Da kyau?"

"Da kyau."

"To madalla."

Da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Muka zauna a nan tana kallon ruwa, ni ina kallon takalmina, har jirgin ya juyo.

Suka sauko da dariya da hotuna, iska ta hargitsa kowa. Matar Akawu ta rungume ta tana cewa, "Haba Yaya, haba Yaya." Akawu ya ja ni gefe.

"Direba, na fito da katina zan saya mata. Matata ta roƙe ta, jagora ta roƙe ta, har mai jirgin ya ɗan tsaya. Ka san abin da ta ce? 'Mijina yana zuwa. Bai taɓa barin wani ya biya min ba.' Haka ta yi ta faɗa har aka janye tsani."

Asirina take rufawa a gaban mutane, ni ina can ina ja-in-ja a kan abin da ko kwalbar lemo biyu ba zai saya ba. A bas ba wanda ya tsokane ni. Nas ɗin ma ta haɗiye sunan da ta sa min. Shirun nan ya fi duka ciwo.

Washegari da safe ranar komawa ce. An loda akwatuna, kowa ya zauna. Na miƙe a tsakiyar bas, na riƙe ƙarfen sama.

"Jama'a, ku ji. Jiya ni na hana matar nan shiga jirgi. Katinta ne, 'yarta ta ba ta, ni na ƙwace. Ku sauke mana kayanmu."

Jagora ta ce, "Baba, in kuka tsaya rangwamen ya faɗi. Sabon tikitin komawa za ku saya, da kuɗin otal."

"Na ji."

"Ba kaɗan ba ne fa."

"Na ce na ji."

Akawu ya kira min Auta a wayarsa, don tawa ba ta aiki a can. Na gaya mata komai da bakina, bas gaba ɗaya yana saurare. Sannan ta ce, "Ba wa Inna wayar." Abin da suka faɗa ban sani ba. Na dai ce wa Auta ni zan biya da abin da na ajiye na jinya, ta ce za mu yi magana a gida, muryarta irin ta uwarta.

Muka koma bakin teku mu biyu. Ranar ba rana, hadari ya rufe, ruwan ya yi toka-toka. A taga na zaro katin na miƙa mata. Ta ɗora da kanta, na'ura ta yi ƙara, ta buɗe jakar nan mai zif mara kyau ta jefa shi ciki.

Jirgin kusan ba kowa, sai wasu baƙi da ba mu jin yarensu. Ta tsaya a bakin ƙarfe, yayyafi yana dukan fuskarta, ta ƙi shiga ciki. Ni kaɗawar jirgin ta fi ƙarfina tun ba mu yi nisa ba, na ƙanƙame benci. Da muka juyo na daure na matsa kusa da ita.

"To, kin ga teku."

"Na gani," ta ce. "Yana da girma." Ta gyara mayafinta da ya jiƙe. "Jiya dai da rana ne. Da mutanenmu."

Wannan ban iya saya mata ba, kuma na sani.

Yanzu a majalisa wasu suna cewa ƙari nake yi, wai mutum irina ba zai miƙe a gaban tsofaffi cike da bas ya tona kansa ba. To ga gidana nan, ƙofar a buɗe take. Duk mai shakka ya zo ya zauna a gabanta ya tambaye ta, in yana da ƙarfin zuciyar da zai jure irin kallon da za ta yi masa. Ni na jure shi, ina kuma jurewa har yau. Ya zo mu ga ko zai kai ƙarshen shayinsa.