Jan Kifin Walima

Shekara uku ke nan da gwamnati ta rufe ruwan yammacin tsibirin Sodol, ta ce kifi ya huta ya hayayyafa. Tak Man-sik, mijin Geum-rye, ya bi doka. Ya sayar da babban jirginsa, ya koma fere dankali a ɗan gidan abincin matarsa da ke bakin tashar jiragen ruwa. Sau ɗaya igiyar ruwa ta tura kwalekwalensa cikin iyaka, 'yan sintiri suka ƙwace komarsa a gaban jama'a. Geum-rye ba ta manta ba.

Ranar bikin faɗaɗa yankin da aka rufe, tana yanka kabeji da safe sai ga Bang, shugaban ƙauye, yana murza hannu.

"Uwar Su-a, baƙi daga gunduma a nan za su ci abincin rana. Daraktansu ya ce ya ji labarin jan kifinmu."

"Labari ya ji, ai ya ƙoshi. Jan kifi sai a duwatsun yamma, kuma kun rufe."

Bang ya kalli Man-sik, ya rage murya. "Jirgin sintiri yau yana wurin biki. Guda ɗaya kawai."

Geum-rye ta dangwarar da wuƙa. "Kai Bang, ko kunya! Da bakin nan naka ka roƙe mu mu haƙura saboda jikokinmu. Yau jikan namu ya zo da farar mota?"

"Haba Yaya, idan suka ji daɗi za su gyara mana tasha."

Ta juya don mijinta ya tsawata masa, sai ta ga fuskarsa ta washe. Har ya miƙe yana laluben takalmin roba. Wannan ya fi ƙona mata rai.

"Baban Su-a, ina za ka?"

"Zan duba ruwa ne kawai."

"Duba ruwa da ƙugiya?"

Ya fice abinsa.

Kafin rana ta take ya dawo da kifi a babban baho, da ransa, ja wur, tsawonsa ya kai hannun mutum. Tun tana amarya rabon da ta ga irinsa. Man-sik na tsaye jiƙe, yana murmushi kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Ba ta ɗora tukunya ba. Ta aza bahon a kan amalanke, ta tura shi har rumfar biki, ruwa na fantsama a zanenta. Darakta na tsakiyar jawabi, yana lissafa faɗin tekun da aka kare bana, ta tsaya a gabansa.

"Ranka ya daɗe, ga saƙonka. Daga duwatsun yamma aka kamo shi, inda kuka hana mu. Mijina ne ya kamo, umarninka ne aka ce. In dafa da yaji ne, ko in yanka ɗanye?"

Bang ya sunkuyar da kai. Matan ƙauye suka fara ƙus-ƙus, wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, "Ki tambaye shi ko da giyar soju zai kora!"

Darakta ya kalli kifi, ya kalli masu ɗaukar hoto, sai ya yi dariya ya tafa.

"Kun gani? Shaidar nasara ke nan! Jama'a da kansu sun kawo mana. Mu mayar da shi gidansa!"

Nan take aka kama bahon, aka nufi bakin ruwa. Darakta ya naɗe hannun riga ya saki kifin, aka yi ta tafi ana ɗaukar hoto. Wani ma'aikaci har ya jawo Geum-rye wai ta tsaya kusa ta yi murmushi. Ta fizge hannunta.

"Sake ni! Da na yi shiru da yanzu ƙayarsa kuke tsotsa."

Ba wanda ya ji ta, makaɗa sun riga sun fara.

Ta koma ta garƙame ƙofar gidan abinci. Baƙi suka ci taliya a wani wuri, kuma daga ranar gunduma ba ta sake aiko mata da ko mutum ɗaya ba. Bang ya daina gaishe ta.

Da yamma ta iske Man-sik a bayan gida yana wanke ƙafa.

"Da an kama ka, wa zai ce shi ya aike ka?" ta ce. "Kai kaɗai za a ci wa mutunci, kamar wancan karon."

Ya ci gaba da cuɗa ƙafarsa.

"Uwar Su-a, kifi ya cika wurin nan. Kamar lokacin babana. Ina jefa ƙugiya suka taso."

"To, sai me? Naka ne?"

"A'a. Na dai gani."

Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa da ta yi furfura, haushi na cin ta, ta rasa wa za ta sauke wa. Ta ɗauki tawul ta wurga masa.

"Goge ƙafarka ka shigo, shinkafa na hucewa."