Saƙon Allurar Mukarrama

Wasila tana gidan iyayenta a Malikanchi tana wankan jego, haihuwar fari. Mijinta Yahuza shi ke kula da kwamfutar wani ɗan asibiti a Ikara, wadda ke tura wa masu jego saƙo a waya in ranar allurar jarirai ta zo. Ya yi alkawari ran arba'in zai zo da mota ya kwashe su, ita da jaririyarsu Mukarrama.

Ana cikin haka aka sauya wa kwamfutar manhaja, saƙo ya tsaya cak. Shugabar asibitin ta ce ba inda za shi sai ya gyara.

Ya kira Wasila yana mata bayani. Wai tsohuwar manhajar in ka ce mata wata ɗaya da sati biyu, sai ta haɗa ta ba ka rana. Sabuwar kuwa ƙa'idar duniya take bi. Wata da shekara gefensu daban, kwana da awa gefensu daban, ba ta yarda a cakuɗa, tunda wani watan ya fi wani tsawo. Sati ma ba ta san shi ba. Dole ya bi wuri-wuri ya mai da komai kwana.

"To ka mayar mana, Baban yarinya," in ji ta.

Kakarta Lantana tana gefe tana hura wutar ruwan wanka. Ta ce, "Gaya wa mijin nan namu itace ya ƙare. In kwamfuta ya aura, ya faɗa mana."

Ran arba'in Wasila ta sha kitso da lalle, ta ɗaure kaya. Har magariba shiru. Ta kwance kayan, ta ciro zanen gado ɗaya ta shimfiɗa.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, wayarta ta yi ƙara. Saƙon asibiti ne, wai yau Mukarrama ta cika sati shida, a kawo ta allura. Kafin ta gama haɗa baƙaƙen sai ga kiran Yahuza.

"Ya shigo?"

"Ya shigo."

"Alhamdu lillahi. Ga ni a hanya, asibiti za mu fara biyawa."

Ta fito tsakar gida ko takalmi babu. Lantana ta ce ta karanta mata saƙon. Ta karanta tiryan-tiryan, da ta zo kan sunan 'yar fari sai ta tsallake, kunya ta hana.

"Wa za a yi wa allurar? Ni?" in ji Lantana.

Wasila ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta koma ɗaki ninke zanen gadon.