Ta Baya ko Ta Gefe

Kwana uku ke nan Inna Hindu tana kwance rigingine a gadon asibiti, tun ranar da santsi ya kwashe ta a bakin rijiyar gidanta na Ƙofar Taramniya, ƙashin ƙugunta ya karye. Ko juyi ba ta iyawa. Rufin ɗakin kawai take kallo, har ta haddace tsagar da ke jikinsa.

Likita Sa'ad ya zo ya tsaya a kanta, amma da Jelani yake magana, ɗanta na fari, wanda zai sa hannu a takardar aikin tiyata.

"Kan ƙashin za mu cire, mu sa na ƙarfe. Hanya biyu ce. In mun yanka ta baya, tafiya takan fi miƙewa, sai dai ƙarfen ya fi saurin gocewa in ta durƙusa ko ta zauna ƙasa. In ta gefe ne, ya fi zama daram, amma tana iya yin ɗingishi."

"A yi ta baya," in ji Jelani. "Ba ni son a ga Inna tana ɗingishi. Sai in saye mata kujera."

Kujera! Ita da ta shekara arba'in a kan buzu tana biya wa matan unguwa karatu, goshinta bai taɓa fashin taɓa ƙasa ba. Ta so ta ce a'a, amma ba hali. Tun da ta haifi Jelani ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta yi masa magana kai tsaye. Kunyar ɗan fari ce, haka ta ga uwarta ta yi. Autarta Sadiyatu ce bakinta, ga shi ta tafi gida ɗauko kunu.

Jelani ya zaro biro daga aljihu.

Inna Hindu ta juya wuyanta, wanda shi kaɗai ya rage tana iya juyawa, ta fuskanci bango.

"Kai bango," ta ce, "hwaɗa ma mai biron ga, ni ba tsere za ni ba. Ɗingishi bai hana sujada."

Jelani ya daɗe riƙe da biron, kansa a sunkuye.

"Likita," ya ce a hankali, "ka ji abin da bango yac ce. A yi ta gehe."

"Ko ta gefen, Inna, sai kin yi watanni kafin ki kai ƙasa," in ji likitan.

Ta ci gaba da kallon bangon, tana jin ƙarar biro a kan takarda.