Shekara Ashirin a Takarda

Nasiha ta gyara goyon da ke bayanta karo na uku, ta sake tura fom ɗin gaban matar da ke bayan tebur. Tun ƙarfe tara take ofishin walwalar jama'a, ga shi rana ta kusa tsaka, fankar sama kuwa tana juyawa kamar wadda aka yi wa dole.

"Madam, na cika duka."

Madam Ngumimi 'yar Tibi ce, ta daɗe tana sauraron rigimar gidajen mutanen Lafia har ba abin da ke sa ta ɗaga gira. Ta leƙa takardar ta saman tabarau.

"Ba ka cika duka ba. Nan ƙasa, sa hannu na baba."

"Ai daga gidansa nake son tashi."

"Na sani. Shi ya sa doka yana so ya sa hannu."

Wanda ya rubuta wannan doka dai bai taɓa zama gidan babanta Mahmuda ba. Shekarun Nasiha goma sha bakwai. A asibiti ita ta sa hannu a katin rigakafin 'yarta Mutmainna, nas-nas suna ta kiranta maman bebi, ba wanda ya ce ta yi ƙanƙanta. Sai yau da ta zo neman izinin ɗaga ƙafarta, nan take ta koma yarinya.

Uban jaririyar wani mai gyaran waya ne, ya ce zai je Mararraba neman aiki, tun daga ranar layinsa yake kashe. Shi kuwa Mahmuda, baban Nasiha, aikinsa tara wa 'yan siyasa jama'a a unguwar Bukan Sidi, bana kuma ya ga shi ma ya isa kansila. Jikar da ba a ɗaura wa uwarta aure ba kuwa ba ta dacewa da fosta. Don haka ya yanke hukunci: gobe Asabar za a kai Mutmainna garin Arikya wurin wata ƙanwarsa a ce tata ce, Nasiha ta mai da hijabin makaranta kamar ba a yi komai ba. Watan yarinyar huɗu, nono kaɗai ta sani. Nasiha ba ta neman komai sai a bar ta ta tafi Awe da 'yarta, wurin Inna Jumai, ƙanwar marigayiya uwarta, wadda ke dafa gishiri, ta kuma ce su zo su biyun.

Madam ta ɗaga yatsu tana lissafa mata. "Hanya huɗu ne. Baba ya sa hannu ka zauna da anti. Ko mu kai kotu, alƙali ya ba anti riƙo, amma za a ɗaga kes har bebi ya fara tafiya. Ko gidan marayu, wannan kam ba na ba ka shawara. Ko ka jira ka cika sha takwas. Saura wata nawa?"

"Bakwai."

"To."

"Madam, gobe za su tafi da ita."

Hawaye suka zubo wa Nasiha. Tsoro ne ya cika ta, ga haushin kanta da ta yi kuka a gaban baƙuwa.

"Kawo kowane takarda da kake da shi, in buɗe fayil dai."

Nasiha ta zazzage ledarta a tebur: katin asibiti, tsohon sakamakon jarrabawa, katin zaɓe, da wata takarda a ninke mai jan hatimin kotu. Madam ta ɗauki katin zaɓen, ta dubi Nasiha, ta buɗe takardar, ta karanta har ƙasa. Yau kam gira ta ɗaga.

Ba ta kai ga magana ba sai ga Mahmuda ya faɗo ofishin ba sallama, babbar riga na jan ƙasa, gumi ya jiƙa gefen hula. Mai keken da ya kawo Nasiha ɗan jam'iyyarsu ne, shi ya kai masa labari.

"Madam, wannan yarinya tawa ce! Ƙaramar yarinya ce, ko tuwo ba ta iya tuƙawa ba. Wa ya ba ku izinin sauraronta? Ni na san doka, sai ta kai sha takwas take da baki!"

"Zauna, Alhaji. Shekara nawa ne da shi?"

"Sha bakwai! Ni na yanka ragon sunanta."

"Ka tabbata?"

"Ko a gaban alƙali zan rantse."

"Ai ka riga ka rantse," in ji Madam, ta shimfiɗa takardar a gabansa.

Mahmuda ya gane ta tun kafin ya sunkuya. Shekara biyu da suka wuce, lokacin rajistar masu zaɓe, an ce kowane mai tara jama'a ya kawo ƙuri'a hamsin. Shi kuwa ya fara daga gida. Ya tasa 'ya'yansa uku zuwa wurin rantsuwa, ya ɗaga hannu ya ce kowannensu ya cika sha takwas. A takarda, marigayiya matarsa ta haihu sau uku a shekara guda, Nasiha ma ta girmi yayanta da wata biyu. Ga sa hannunsa nan a ƙasa, da wata doguwar jela da yake ja don a san mai ilimi ne.

"Wannan ai na siyasa ne," ya ce, murya ta sauka. "Kowa yana yi."

"Ni ban san na siyasa ba, hatimi na sani. A nan ka rantse yarinya yana da shekara ashirin yanzu. In haka ne, babba ne, ya ɗauki bebi ya tafi inda yake so. In kuma sha bakwai ne, to ka yi rantsuwan ƙarya, zan rubuta a fayil in tura kotu tare da kes. Can kowa yana shiga ya ji, har waɗanda kuke takara da su. Wanne ne?"

Mutumin da ke cika fili da lasifika, yau an tambaye shi shekarun 'yarsa ya koma neman mai ceto. Ya juya ga Nasiha, ko za ta yi masa kara irin ta 'ya da uba. Ita kuwa ta kwance goyo ta mai da Mutmainna ƙirjinta, ta ƙanƙame ta. Ta ji tausayinsa, amma bai kai ta buɗe hannu ba.

"Akwai na uku," in ji Madam, ta tura masa fom da biro. "Ka sa hannu ka yarda su zauna wurin anti a Awe. Sai in mai da wannan takarda cikin leda, ban gani ba."

Ya daɗe yana kallon biron. Daga baya ya sa hannu, wannan karon ba jela.

Nasiha ta tattara takardunta, ta goya 'yarta, ta durƙusa ta yi wa Madam godiya. Ba ta taɓa zuwa tasha ita kaɗai ba, ba ta ma san inda motar Awe ke lodi ba. Tana bakin titi tana tsai da keke sai ta ji takunsa a bayanta. Ta ɗauka albarka zai sa mata, ko ya ce ta juyo da jikar ya ga fuskarta sau ɗaya.

Ya yi gyaran murya, ya duba hagu da dama.

"Nasiha. Ranar zaɓe dai ki dawo. Rumfarki tana nan Bukan Sidi."

Ta shiga keken, ta gyara wa Mutmainna hula.

"Baba, ai ni yarinya ce," ta ce. "Kai ka yanka ragon."