Furen Tafkin Bayan Gidanmu

Tun da ɓarin jikin Umma ya shanye, duniyarta ta koma taga ɗaya. Ɗakinta yana saman bene, tagar kuma tana kallon tafkin bayan gidanmu. Kowace safiya ni, babbar 'yarta, nake goge mata jiki, in jingina ta da matashi, in zuge labule. Sai ta zuba wa tafkin ido.

Wata ciyawa ce, 'yar uwar kainuwa, ta rufe tafkin ruf. Idan rana ta fito sai ta buɗe fure shuɗi mai sirkin ja, tun daga bakin katangarmu har inda ido ya gaji. Iska na kaɗawa, duk shimfiɗar sai ta motsa a hankali kamar zanen da aka shanya. Umma takan ce wani lokaci ji take gadon nata ya sauka can, yana yawo da ita a tsakanin furannin, ba ƙafar da ke mata nauyi.

Masunta kuwa tsine wa ciyawar suke yi. Ta kashe kifi, ta hana jirgi wucewa, sauro ya samu gidan gado.

Autarmu tana shekarar ƙarshe a jami'a, fannin kula da albarkatun ƙasa. A can ba a ba ka takardar gamawa sai kai da 'yan rukuninka kun yi wa wata unguwa aiki da hannunku. Ina ne aka tura su Auta? Tafkin bayan gidanmu. Aikin kuma shi ne a kwashe ciyawar kaf, don ko saiwa ɗaya aka bari, kafin damina ta wuce ta sake haifar dubu.

"Yaya, don Allah kar ki gaya wa Umma," in ji ta, ido ya ciko da hawaye.

"Ke da ko kwanon da kika ci abinci ba kya wankewa, tafki za ki wanke?" na ce. Amma na yi shiru da bakina, don tausayinsu ya kama ni su duka biyun.

Haka aka fara. Auta ta fita da jakar makaranta, ta zagaya ta baya, ta sa malafa da dogon takalmin roba, ta shiga jirgi. Daga sama muna ganinsu ƙanana, suna jan ciyawar da manjagara, suna tulawa a gaɓa ta bushe. Kullum shuɗin yana raguwa, baƙin ruwa yana ƙaruwa, gizagizai suka fara kwanciya a cikinsa. Na zuba ido in ji Umma ta yi faɗa, amma kullum idonta yana kan tagar. Har abinci takan manta a gabanta. Auta kuwa in ta dawo sai ta yi wanka sau biyu kafin ta hau sama ta gaishe da Umma, wai kar a ji ƙarnin ruwa.

Ranar ƙarshe saura ɗan yanki a gindin katangarmu. Malaminsu yana tsaye a gaɓa tare da masunta. Na ga Auta ta ɗaga manjagara, ta tsaya, ta ɗan ɗago kai wajen tagar, sannan ta sunkuya ta ja. Furen ya bi ta, ruwan ya rufe wurin.

Da yamma ta shigo ta durƙusa a bakin gado, ta kasa haɗa ido da kowa.

"Umma, akwai maganar da..."

"Malafar ta yi miki yawa," in ji Umma da harshenta mai nauyi. "Tun ranar farko nake cewa za ta faɗa ruwa."

Auta ta kalle ni, na ɗaga hannu alamar ba ruwana.

"Kin sani ke nan? Ba ki ji haushi ba?"

"Haushin me? Fure ai na kalle shi har ya ishe ni. Rabona da in gan ki tun safe har la'asar, tun kina rarrafe." Ta juya ga tagar, inda ruwan yake kwance fayau, ba jirgi ko ɗaya. "Yanzu kun gama ke nan?"

"Mun gama, Umma."

"To," in ji ta. "Gobe kar a zuge labulen da wuri."