Tsohon Awo

Idan mutum ya samu rauni a inda ba ya iya gani, kai kuma ka ɓoye masa don ya ci gaba da tafiya kansa a sama, rufa masa asiri ka yi, ko wani abu ka sace masa? Wata bakwai Ƙarami ya yi yana juya wannan tambaya a kan keken ɗinkinsa, kuma har ranar da zancen ya fito fili bai samo mata amsa ba.

Shagon nasu ne su biyu, shi da yayansa. Mutanen layin suna kiran yayan Babban Tela, shi kuma Ƙarami, duk da furfurar da ta fara leƙo masa a gemu. Yayan ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya fara ɗora masa ƙafa a kan keke, shi ya riƙa bugun bayan hannunsa da rula duk sanda ɗinki ya karkace. Aikin a rabe yake: Babba ya auna ya yanka, Ƙarami ya haɗa. Abin da kowa ya san Babban Tela da shi kuwa shi ne ba ya rubuta awo. Zai zagaya tef a ƙirjin mutum, ya sauko kafaɗa da hannu da wuya yana ɗan gunguni a maƙoshi, shi ke nan awon ya zauna. Ko bayan shekara uku ka dawo zai gaya maka ƙirjinka arba'in da ɗaya ne, sai dai in uwargida ta ƙara hannu a girki. Littafin awo, in ji shi, na masu koyo ne.

Wata safiya a mahaɗar titi mota ta taɓa bayan babur ɗinsa. Ba ma gudu ake yi ba. Hular kwanon tana rataye a jikin madubi, ƙeyarsa ta daki bakin kwalta. Kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti bai san wanda ke kansa ba. Da ya farfaɗo ya gane matarsa, ya gane ƙaninsa, har ya tambaya ko an kai wa mai kantin magani wandonsa. Ƙarami ya fita baranda ya yi kukansa ya more, yana ganin an dawo masa da yayansa cif.

Bayan wata biyu Babba ya koma shago. Tafiyarsa ta miƙe, hannunsa ba ya rawa, almakashi yana bin layin alli kamar da. A mako na farko wani malamin makaranta ya kawo yadi. Babba ya auna shi a gaban Ƙarami, ƙirji arba'in da huɗu, ya ma tsokane shi a kan tumbin da ya aje. Da malamin ya fita, ya shimfiɗa yadin ya yanka arba'in. Awon malamin ne na shekara biyu da suka wuce.

Ƙarami ya ɗauki yankan ya juya shi a hannu. Ya buɗe baki, sai ya ga yayansa yana kaɗe alli daga yatsu yana fito, irin fiton da ba a ji ba tun kafin hatsarin. Ya haɗiye maganar. Washegari ya riga kowa buɗe shago, ya nemo yadi iri ɗaya a kasuwa, ya sake yanka shi. Daga nan abin ya zama sana'arsa ta biyu. Duk awon da yayan ya yi, yana kasa kunne ya rubuta a ɓoye a bayan kwalin zare. Tsoffin kwastomomi suna samun tsohon awonsu, sababbi kuwa a ba su awon wani can daban. Abin da ya yi yawa Ƙarami ya rage, abin da ya gaza ya sake. Kafin Babba ya iso da hantsi, komai ya daidaita.

Duk mako biyu Ƙarami yakan raka yayan asibiti, wajen wata likita mai kula da waɗanda suka bugu a ka. 'Yar siririya ce mai tabarau, ba ta da gaggawar magana. Takan faɗa wa Babba kalmomi biyar ya maimaita, ta sa shi zana agogo, ta sa shi ƙirga kwanakin mako da baya, sannan ta ce ya dawo mata da kalmomin nan. Wani zubin ya kawo biyu, wani zubin ɗaya. Sai ya yi dariya ya ce ai ba a ɗinka wa kalma riga, ta kawo masa mutum ya auna ta gani. Ta ba shi wani ƙaramin littafi mai igiya ta ce ya riƙa rubuta duk wani sabon abu. Ya karɓa da hannu biyu don ladabi, suna isa shago ya sa shi a ƙarƙashin ƙafar tebur mai girgiɗi.

Wata rana likitar ta aika Babba ɗakin hoto, ta tsayar da Ƙarami. Ta tambaye shi yadda aiki ke tafiya. Ya ce lafiya lau, ko riga ɗaya ba a dawo musu da ita ba. Ba ƙarya ya yi ba, shi ya sa maganar ta fi yi masa ɗaci a baki.

Ta cire tabaran ta dube shi. Ta ce abin da take gani a gwaji bai yi daidai da wannan ba. Ta yi masa bayani a hankali cewa irin wannan rauni wani lokacin yakan taɓa ainihin wurin da mutum zai gane da shi cewa ya samu rauni. Yayansa ba gardama yake yi ba, bai sani ba ne. Kuma mutum ba ya riƙe sanda sai ya yarda ƙafarsa ta samu matsala. In akwai kuskuren da yake yi a aikin da ya fi ƙwarewa a kai, ta ce, a bar shi ya gani da idonsa, ko sau ɗaya ne, wani na kusa yana tsaye tare da shi.

Ƙarami ya ce, "Likita, ke kin san shi wata huɗu. Ni shi ya yi mini uba. Ba zan tsaya ina kallo ya kunyata ba."

"Ban ce a kunyata shi ba, Malam. Cewa na yi a daina yi masa aikin da ƙwaƙwalwarsa ya kamata ta koya."

"Ba abin da ake yi masa," in ji Ƙarami, ya miƙe.

Yana da dalilinsa, kuma dalilin ba ƙarami ba ne. Wata la'asar ruwa ya tsare su a shago, wuta ta ɗauke, suka zauna suna kallon titi. Babba ya fara magana ba tare da ya juyo ba. Ya ce a gida ya zama baƙo. Yakan ci abinci ya wanke hannu ya tambaya yaushe za a kawo abinci. Yakan daka wa matarsa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya ga tana share hawaye, ya rasa me ya ce mata. Amma in ya shigo nan ya riƙe almakashi, sai ya ji shi ne dai. Ya ce da a ce wannan ma ya tafi, da bai ga amfanin tashinsa daga gadon nan ba. Ƙarami ya ce masa ya daina irin wannan magana, ya tashi yana lalube a cikin aljihun tebur kamar mai neman wani abu.

Watanni suka ja. Ƙarami ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ya ƙara huda a bel ɗinsa har sau biyu. Yakan yi gyangyaɗi a kan keke da rana, yayan ya jefe shi da ƙullin ƙyalle ya ce yaran zamani ba su da ƙashin aiki, shi da aka fasa wa kai ma yana tsaye. Maƙwabta su yi dariya, Ƙarami ya taya su.

Sai wata ranar Laraba matar yayan ta biyo Ƙarami har shago da sassafe, ta same shi da reza a hannu yana farke kafaɗar wata riga. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi rigar, ta dubi kwalin zaren da ya cika da lambobi. Mace ce mai wasa da shi a da, kullum tana cewa za ta nemo masa wadda za ta ciyar da shi. Ranar ba ta yi wasa ba. Ta ce shekaranjiya mijinta ya kunna risho ya fita ya bar shi, Allah ne ya sa maƙwabciya ta ji ƙauri. Ta ce duk sanda ta roƙe shi ya riƙa rubutu kamar yadda likita ta ce, amsarsa ɗaya ce: ta je shago ta tambaya ko kansa ya taɓu. Jiya kuma ya gaya mata ya gama da asibiti, Litinin zai je ya yi wa likita godiya a rufe katinsa, sannan ya karɓo babur ɗinsa wajen mai gyara.

"Anti, in na faɗa masa, kashe shi zan yi."

"Ni ban san me za ka yi ba," ta ce. "Na dai san da kai yake rufe mini baki." Ta gyara mayafinta ta tafi.

Ranar Babba ya zo da fara'a, da wani yadi mai ruwan toka a hamata. Ya ce ya gaji da ganin ƙaninsa cikin riguna kamar na aro, mutane za su ce ba tela a gidansu. Wannan shi zai yanka, shi zai ɗinka da kansa, kada wani ya sa masa hannu. Ya tsayar da shi a tsakiyar shago ya zagaya masa tef. Ƙirji talatin da takwas. Ya ja tsaki ya ce wannan ai ƙirjin ɗan tsako ne, ina sauran ya tafi? Ƙarami yana tsaye hannuwa a buɗe, yana jin numfashin yayansa a wuyansa. Bayan minti goma ya ga alli ya sauka a kan arba'in da biyu.

Kwana biyu Babba ya yi a kan rigar. Ɗinkin ya yi kyau ƙwarai, irin wanda in ka juya cikinsa ba ka ganin bakin zare. Ranar Juma'a da yamma ya goge ta ya rataye, ya ce gobe a gwada.

Asabar Ƙarami ya buɗe shago tun titi bai cika ba. Ya sauke rigar ya shimfiɗa a kan teburin yanka. Aikin awa ɗaya ne: a farke gefe biyu, a shigar da inci ɗaya kowane ɓari, a rage wuya, a mayar. Ya san salon ɗinkin yayansa har ba mai iya bambancewa. Ya ɗauko reza ya ɗora bakinta a kan zaren farko. Ya tuna maganar ranar ruwan sama. Ya tuna babur yana jira wajen mai gyara. Ya auna wannan ya auna wancan, ba wanda ya fi wani sauƙi. Har mai shagon kusa ya ɗaga ƙofarsa, har rana ta shigo ta kai ƙafar tebur, rezar tana nan inda ya ɗora ta. Can ya aje ta. Ya cire rigar jikinsa ya sa sabuwar.

Haka Babba ya shigo ya same shi, a tsaye, riga tana lilo a jikinsa, wuyan ya buɗe har ana ganin ƙashin ƙirjinsa. Fara'ar da ya shigo da ita ta tsaya. Ya matso ya kama gefen rigar ya ja, yadi ya cika masa hannu.

"Kai, wa ya taɓa rigar nan?"

"Ba wanda ya taɓa ta, Yaya."

Ya juya gefen ya duba ɗinkin. Nasa ne. Ya zaro tef daga wuyansa ya auna ƙanin, ya ce ya tuɓe, ya shimfiɗa rigar ya auna ta. Ya sake auna ƙanin. Leɓensa yana motsi amma ba gunguni.

"Ban auna ka ba ne?"

"Ka auna ni. Ranar Laraba. Har ka ce ƙirjin ɗan tsako gare ni."

Babba ya lalubi kujera ya zauna, tef ɗin yana zube a cinyarsa. Ya daɗe yana kallon rigar. Ƙarami ya ga ƙofa a buɗe take har yanzu: zai iya cewa kuskure ne na rana ɗaya, kowa yana yi, a yi dariya a wuce. Yayan ma ya ɗago ido yana dubansa kamar mai roƙon a faɗa masa haka.

"Wannan ce kaɗai, ko?" Babba ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ƙarami ya jawo benci ya zauna a gabansa, gwiwa tana taɓa gwiwa. Ya kama hannun da ya koya masa riƙe almakashi, ya riƙe shi gam don ya san za a fizge.

"A'a, Yaya," ya ce. "Tun makon da ka dawo ne. Bari in faɗa maka daga farko."